Keken Misri da Idon Bunsuru

Ni ne Bekalal manomin tafarnuwa, wanda girgizar ƙasa biyu suka nema suka rasa. Kwalara ta shigo layinmu ta kwashe mutum goma sha ɗaya, ta iso ƙofata ta ga ba fuska, ta juya. Tun kafin a fasa dutse a yi wa kwarin nan hanya, ni da ƙarti sittin da uku muka ɗauko mota a kafaɗa muka haye tsauni da ita. Wato mota ta hau ni kafin in hau ta. Ban taɓa zama a aji ba, har gobe da babban yatsa nake sa hannu, amma na ga masu digiri sun cire takalmi sun bi layi don su shafa bayana.

Maganar bayan nan kuwa, ga yadda take. A bakin kasuwar garinmu akwai ɗakin bautar Ganesh, abin bautarmu mai kan giwa, ɗaki mai rufi hawa biyu. Shekara hamsin da ɗoriya, duk wanda ya sha ruwan garin nan ya san cewa ranar Babbar Girgiza, da rufin ya fara zubowa, wani ɗan shekara goma ya kutsa cikin ƙura ya goyo Ganesh ya fito da shi fili. Ni ne wannan ɗan shekara goman. Ganesh ɗinmu na dutse ne, nauyinsa ya kai na ɓauna mai ciki, amma ba wanda ya taɓa tambayata yadda aka yi, in ban da mutum ɗaya, kuma za mu zo kansa.

Ban ce ƙarya na yi ba. Na dai ce labarin ya girme ni da shekara goma. Ya fito daga bakina ne a wurin wata walima, bayan ƙoƙo na huɗu na giyar shinkafa, lokacin na dawo daga dakon motoci ina jin ƙarfi. Washegari na tarar ya riga ni zuwa kasuwa. Tsofaffin da za su ƙaryata ni, wasu sun mutu, wasu sun ji nauyin ubana, wasu kuma labarin ya yi musu daɗi. Furfura ma ta taimaka, don tun ina ɗan talatin kaina ya yi fari fat. Ranar da ma'aikacin gwamnati ya zo rubuta takardar ɗan ƙasa ya tambayi shekaruna, mutanen da ke bayana ne suka amsa masa kafin in buɗe baki.

Daga baya wata mata mai ciwon baya ta zo ziyara, ta gaida Ganesh, ta ce bari ta taɓa bayan da ya goya shi. Ta taɓa, ta koma gida, wai ta warke. Shi ke nan. Duk Talata sai a shimfiɗa mini tabarma a barandar ɗakin bautar, in zauna in ba jama'a baya. Shekara ashirin ina kallon bango ɗaya ranar Talata, har na san tsagarsa fiye da zanen tafina. Su shafa, su yayyafa mini shinkafa da jan gari, su wuce shagon shayin ɗana Purna, wanda ya kafa allo mai hoton yaro goye da Ganesh. Kowace shekara ranar tunawa da girgizar, ciyaman na unguwa ya rataya mini furanni ya yi jawabin awa guda.

Amma abin da ya fi mini duk waɗannan shi ne idon bunsuru. A gutinmu, wato ƙungiyar gidajen unguwa da ke hidimar Ganesh da ɗaukar gawar junanmu, zaman walima bisa shekaru ake yi. In an yanka bunsuru an dafa kan, manya takwas ake raba wa. Babba ya ɗauki idon dama, na biyu idon hagu, sai kunnuwa, sai muƙamuƙai, sai hanci, na takwas harshe. Na tara sai dai ya kalli bakin na takwas. Shekara shida idon hagu nawa ne. Idon dama na Cirikaji ne, mutumin da na ce za mu zo kansa, wanda ko da lissafin labarina ya girme ni da shekara biyu, kuma bai taɓa yarda da shi ba ko na kwana ɗaya.

Matata Misri ba ta taɓa shafa bayana ba sai in cuɗa za ta yi masa. A shekarar da nake ba ku labari, tun bazara ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata gardama a matakala. Likitan birni ya ce zuciya ce ta gaji. Ya ja Purna waje ya gaya masa da wuya ta ga ƙarshen sanyi mai zuwa. Ya ɗauka ban ji ba, amma kunnen da ya ji nishin ƙasa ba ya rasa raɗar likita.

Wata safiya cikin damina tana zaune bakin taga tana ɓare tafarnuwa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, “Saura kwana arba'in.”

Na ce, “Kwana arba'in na me? Shinkafa ko ciki ba ta yi ba.”

“Saba'in da bakwai, wata bakwai, kwana bakwai.”

Na yi kamar ban gane ba, amma babu ɗan kwarin nan da ba zai gane ba. Bikin Janku na farko ke nan. Ranar da mutum ya cika wannan lissafi sai a sake huda masa kunne a sa zinariya, a naɗa masa rawani, a ɗora shi a keken katako mai dawakai masu fukafukai, 'ya'ya da jikoki su ja shi daga wannan ɗakin bauta zuwa wancan. Ba roƙo yake zuwa yi ba, gaisuwar sabon maƙwabci yake kai wa alloli, don daga ranar shi ma ya shiga sahunsu, ana wanke masa ƙafa a shafa ruwan a ka. In matarsa na raye, tana gefensa a keken ko shekarunta nawa. In ba ta hau da shi ba sai ta jira nata lissafin, Misri kuwa saura mata shekara huɗu.

Shekara goma kafin nan, da lissafin labarina ya cika, dangi sun taso da maganar keke. Na ce wanda ya goya Ganesh ba ya hawa keke ya je gaishe shi, raini ne. Aka yi ta tafi. Gaskiyar magana, mutane ake yi wa ƙarin gishiri, alloli suna da nasu lissafin, ni kuma ban shirya zuwa gabansu a ranar aro ba.

Misri ta miƙe da ƙyar ta tura hannu cikin rumbun shinkafa ta zaro wata gora ta ajiye a gabana. Takardar taurarina ce a ciki, wadda aka rubuta mini satin da aka haife ni. Ita ma ba ta karatu, amma ranar da aka gwada taurarina da nata kafin aure tana bayan ƙofa tana ji, kuma Misri ba ta mantuwa.

Ta ce, “Ranar girgiza aka haife ka, tsoho, da rana tsaka. Ba abin da ka goya. Kai aka goya.”

“Yi a hankali, taga a buɗe take.”

“Shekara hamsin da biyar ina rufe maka taga. Hannuna ya gaji.” Ta tsaya ta nemo numfashi. “Uwata ta hau irin keken nan, yayata ta hau. Ina so in je gaban Mahadeb, babban abin bautarmu na bakin kogi, sau ɗaya ba da kwando a ka ba, ba ina bin bayanka ba. A gefenka, da rawani, ana yi mini fifita.”

“Kin san abin da zai biyo baya? In na sauka shekara goma, idon hagu ya tafi.”

“Ido ɗaya na bunsuru, sau biyu a shekara. Ba ka ma iya tauna shi, haɗiyewa kake yi kamar ƙwayar magani.”

Namiji irina ba ya yanke shawara don mace ta yi magana. Na kwana uku ina tunani, ran na huɗu na gano ashe da ma ra'ayina ke nan. Na saɓa gorar na nufi shagon Purna.

Na zaci faɗin gaskiya kamar sauke kaya ne, ka durƙusa ka ajiye. Ashe sai ka sami mai kama maka. Purna ya saurare ni, ya saki ludayin shayi cikin tukunya, ya aika aka kira Joshi malamin taurari da ciyaman, ya ja ƙyauren shago. Joshi ya warware takardar ya karanta, ya sake karantawa, ya juya bayanta ko akwai wata magana mai sauƙi a can.

Purna ya ce, “Baba, dubi allon nan. Wata uku da sake masa fenti.”

Ciyaman ya gyara hula ya ce, “Kaka, tarihin nan ba naka ba ne kai kaɗai, na gari ne. Da can motocin ziyara daga Mahadeb suke juyawa, ba mai hawowa nan. Bayanka ne ya kawo mana kwalta. Ka san yawan jawabin da na yi a kanka? In ka ce ba a yi ba, ni me na zama?”

Na ce, “Abin da kake tun da.”

Joshi ya yi gyaran murya. Irinsu ba su rasa ƙofar baya. Ya ce, “Akwai mafita. Bisa takardar gwamnati, saura wata goma sha huɗu ka cika tamanin da takwas, wata takwas, kwana takwas. Janku na uku ke nan, babba. A ɗauke ku a kafaɗa kai da Inna, a kafa gada a shigar da ku gida ta tagar sama. Wa zai bar taga ya koma ƙofa?”

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta motsa. Bara Cirikaji ya shiga gidansa ta taga, tun daga ranar yake kallona kamar kazar da ta bi ta ƙarƙashin ƙyaure.

Na ce, “Taurarin fa?”

“Taurari suna da nisa, Kaka. Daga inda suke, shekara goma ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.”

Na kai wa Misri maganar da ɗokina, har da kwatanta mata gadar. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Keken da aka ja a ranar da ba tasa ba amalanke ne. In amalanke kake so, Purna na da ta ɗaukar itace.” Tari ya sarƙe ta, na riƙe mata ƙoƙon ruwa har ya lafa. Ta ce, “Wata goma sha huɗu kuma, je ka tambayi likita ko zai ba ni aronsu.”

Na koma wurin Joshi na ce ya tsayar da ranar gaskiya. Ya ce shi ba ya ja da takardar gwamnati, sai in akwai rayayyen shaida da zai tsaya gaban jama'a. Ya faɗi haka ne don ya san shaida ɗaya ya rage a duniya, kuma ya san gara in haɗiyi lauje da in je wurinsa.

Ni da na haye tsauni da mota, rumfar hutawa ta bakin tafki ce za ta gagare ni? Na sami Cirikaji yana shan hantsi da lofensa, zinariya uku-uku a kunnuwa.

Ya ce, “Barka da hantsi, jarumin jarumai. Yau wa aka goyo?”

“Yaya Cirikaji, ina kake ranar girgiza?”

Ya cire lofen daga baki. Tun da muke ban taɓa ce masa yaya ba. Ya dube ni ya ce, “A gonar tafarnuwarku, ina riƙe da zanen da aka kare uwarka da shi, fuskata a juye. Uwata ce ta yanke maka cibiya da lauje. Ja wur kake kamar ɓeran da aka feɗe, kukanka har ya fi na garin. Shekara hamsin ina faɗa, kuna cewa hassada ce.”

“To Ganesh wa ya fitar da shi?”

“Ba kowa. Rufi ya zubo masa, ya zauna cikin tubali wata biyu har aka tono shi. Shi da ke kawar wa duniya cikas, tubali ne zai dame shi?”

Na gaya masa abin da ya kawo ni, har maganar likita. Da ya ji sunan Misri sai ya daina murmushi na ɗan lokaci, amma Cirikaji bai iya barin abu ya tafi a banza ba.

Ya ce, “Zan yi shaida. Amma ran Talata, gaban masu ziyara, ka juyo da fuskarka ka faɗa da bakinka. Ni kuma a sa mini kujera a gaba, mai hannu.”

Talata ta zo da yayyafi da motoci uku manya. Sun riga sun yi wanka a kogi, sun hau tudun ɗakin bautar Narayan, kowa goshinsa ya yi ja da garin albarka, mu ne zangon ƙarshe. Layi ya kai har tafki. Purna ya ƙi fitowa daga shago. Ciyaman ya laɓe bayan babbar ƙararrawa. Cirikaji ya hakimce a kujerarsa da sabuwar hula kamar uban ango.

Na farko a layi ya miƙo hannu, sai na juyo. Wata ta ce, “Ashe haka fuskarsa take.” Na miƙe tsaye na ɗaga gorar na ce, “Jama'a, ni Bekalal ranar girgiza aka haife ni. Ga takarda, ga shaida.”

Cirikaji ya karɓe, ya ba da labarin zane da lauje da ɓera, har da abin da ba a tambaye shi ba. Na ce a raina, to, Bekalal, yau ƙasa ta same ka.

Sai wata mata 'yar birni, mai tabarau da faranti cike da furanni, ta ce a hankali, “Wato ranar da aka haife shi ya goyi Ganesh?”

Na ce, “A'a, uwa, ban goyi kowa ba.”

Ta juya wurin 'yan motarsu ta ce, “Kun ji tawali'u.”

Wani mai sanda ya ce, “Da ma ni abin ya daɗe yana damuna. Ɗan shekara goma ai ba zai iya ɗaga dutsen nan ba. Amma jariri, sabon zuwa daga wurin alloli, wannan magana ce mai shiga hankali.”

Kafin in sake buɗe baki ciyaman ya fito daga bayan ƙararrawa yana gyara hula, ya ce abin da binciken ofishinsa ya daɗe da nunawa ke nan, ana dai jiran lokacin sanarwa ne. Cirikaji ya tashi yana buga sanda a ƙasa yana cewa ƙarya ce, shi da idonsa ya gani. Aka ce, kun ji, da idonsa ya gani. Wata tsohuwa mai yanar ido ta ratso ta shafa masa ido ta shafa wa nata, nan take aka buɗe layi na biyu.

Na faɗa sau uku gaban Ganesh cewa ban goye shi ba. Abin da kunnen mutane ya yi da maganar ba gonata ba ce. Kafin mako ya zagayo Purna ya kira mai fenti, aka rage yaron allon ya koma jariri, Ganesh kuwa aka ƙara masa ƙiba.

Sai dai gutinmu ba ya cin abin al'ajabi. Tsofaffin nan ba su san komai ba sai ƙidaya. A zaman da ya biyo baya suka tashe ni daga tabarma ta biyu, suka yi ta tura ni ƙasa har ta goma sha uku, ƙarƙashin mutanen da na yi shekaru ina aikensu sayen taba ina ce musu yara. Na wuce idon hagu, na wuce kunnuwa, na wuce harshe, na zauna kusa da ƙofa inda ake ajiye takalma. Wanda ya gaji gurbina ya ce a bi masa haƙƙin idanu goma sha biyu da na ci. Na ce ya je ya karɓa inda suka tafi. Da na koma gida Misri ta dube ni, ta soya mini ƙwai biyu ta ɗora kan dakakkiyar shinkafa ta ce ga idanu nan, dama da hagu.

Joshi ya tsayar da rana. Kwana shida ana ruwa ba tsayawa, ran na bakwai gari ya waye tas, har fararen duwatsun arewa suka leƙo, abin da ba su yi a damina. Ba na ce don ni ba ne, amma ba a yi wa Cirikaji haka ba. Aka huda mini kunne ban ko motsa ba, hawayen da aka gani na hayaƙin hadaya ne. Aka fito da Misri cikin jan mayafi mai zaren zinariya, an naɗa mata rawani, an zana mata ƙafafu da ja duk da kumburin. Aka zaunar da ita gefena. Ta sa hannu ta taɓa fuffuken dokin katako ta ce, “Na uwata ya fi wannan fenti.” Daga nan na san ta ji daɗi.

Masu ganga da sarewa suka shige gaba, 'ya'ya da jikoki da 'ya'yan jikoki suka kama igiya, mata na watsa furanni da soyayyar shinkafa. Muka fara da Ganesh, don ba a tsallake shi. Na dube shi ido da ido karon farko cikin shekara ashirin, ban ga alamar yana riƙe da ni ba. Muka je wurin Bairab na tsakiyar gari, muka zaga ta ɗakin Uwa Ajima na bayan ganuwa, inda Misri ta kai kowane ɗa namu yana jariri, har biyun da ba su zauna ba. A nan ta ce a tsaya, ta yi magana da Uwar a hankali, ban ji ba kuma ban tambaya ba. Tudun Narayan ya ba jikokina kashi, masu zaman ofis da ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar takardu ba. Na riƙa ba su umarni daga sama yadda ake hawa tudu da kaya.

Sai muka gangaro kogi. Ruwan kwana shida ya cinye hanyar da keke ke bi zuwa ƙofar Mahadeb, ba abin da ya rage sai tsohuwar matakalar dutse, hawa ashirin da ɗaya, duk gansakuka. Joshi ya ce ba komai, a gaida Mahadeb daga nan sama, yana gani. Ciyaman ya ce ofishinsa ya riga ya rubuta a kan hanyar. Misri tana kallon ƙofar can ƙasa, hannunta riƙe da ɗan tulun madarar da ta tanada tun asuba.

Purna ya matso ya durƙusa ya ce, “Inna, hau in kai ki.”

Ta ce, “Tashi. Bari mai bayan ya gwada.”

Na sauko daga keke, na kwance rawanina na ɗaure ƙugu da shi. Jama'a suka yi ca, wai ɗan Janku ba ya taka laka. Na ce su faɗa wa ɗan Jankun da bai taɓa noma ba. Na durƙusa, ta hau. Ban san ta zama haka ba, kwandon tafarnuwa ya fi ta nauyi. Amma matakala ba ta san nauyi ba, santsi ta sani. Cirikaji ya tsaya a sama yana ƙirga mini hawa da ƙarfi yana jiran ya ga inda zan zube. A na tara gwiwata ta yi magana. A na goma sha huɗu ƙafata ta zame, Misri ta kama kunnena sabon huda ta ce, “In ka yar da ni gaban mutane, sai na gaya musu maganar motar ma.”

Motar gaskiya ce, na ɗauka. Kawai dai kwana biyu na yi a dakon, ba shekara ukun da nake faɗa ba.

Na kai ta. Na sauke ta a bakin ƙofar, ta zauna ta zuba madararta a kan dutsen Mahadeb da hannunta, ta daɗe ba ta tashi ba. Ba fifita, don masu fifitar sun tsaya a sama suna tsoron santsi, sai na cire hular wani na yi mata. Hawowa kuwa, mutum huɗu suka ɗauko ta, mutum shida suka ɗauko ni. Wata guda na yi kwance rigingine da ciwon baya. Duk kwarin nan wanda bayansa ya yi ciwo yana da wurin zuwa, ni kuwa bayan wa zan shafa?

A gida da yammar ranar keken aka wanke mana ƙafafu, dangi suka bi layi suna shafa ruwan a ka, tun daga Purna har ƙarami. Cirikaji ya zo walima ya ci naman ɓauna har ya kasa tashi, ya ce mini, “Ɗan yaro, ka ga dai yau da shaida.” Na ce ya rubuta ya ajiye, a ranar da aka shigar da mace sahun alloli na goye ta hawa ashirin da ɗaya, duk wanda ya ce Bekalal bai taɓa goyon abin bauta ba ya zo ya same ni. Ya mayar da lofensa baki.

Misri ta ga girbin shinkafa, ta ga an dasa tafarnuwa, ta tafi a tsakiyar sanyi, wata biyar bayan keken, da zinariyarta a kunne. Girgiza ta biyu ta zo bayan shekara uku da 'yan watanni, ta rushe shagon Purna da allonsa, ta same ni a gona ta wuce. Har yanzu ina zaman Talata, don na gaji da musu, amma yanzu fuskata nake ba su, mai son baya ya zagaya. A guti kuwa biyar sun riga ni gidan gaskiya, na hau zuwa tabarma ta takwas, harshe nake ci. Cirikaji na nan riƙe da idon dama, ya rantse ba zai mutu ba sai ya ga bayana, na ce ya bi layi.

Janku na biyu saura mini wata huɗu, bisa lissafin gaskiya. Jiya kafinta ya zo gwajin keke, na ce ya yi shi da faɗin mutum biyu. Ya ce, “Kaka, ai kai kaɗai ne za ka hau.” Na ce shi dai ya yi aikinsa, mutum irina ba ya zama a matse.